Maha Ba Ta Son Mutane

Wani ne ya zo Jidda da bizar aiki, a takardarsa an rubuta wai shi gwanin ɗaukar hoton namun daji ne. Namun daji fa! Mutumin da tun tashinsa hoton fasfo yake ɗauka a bakin sakatariyar ƙaramar hukumarsu, da farin ƙyalle da wani benci mai ɗingishi. Amma baki, Allah ya ba shi. In ya zauna a majalisar 'yan gida a unguwar Hindawiyya bayan la'asar, sai ka rantse ɗaki ɗaya suka tashi da zakunan Yankari.

"Ai ni giwa ta san ni," in ji shi. "In na ce ta ɗaga kai, ɗagawa take yi."

Kafilinsa, wato wanda ya ɗauko shi aiki ya tsaya masa, wani ne Bandar, jikan alhazan da suka zo daga ƙasar Hausa tun da daɗewa suka zauna. Yana da ɗan kamfani a Balad, yana kwasar baƙi masu dogayen kyamarori ya kai su sahara da fadamun bakin teku su ɗauki tsuntsaye da dabbobi. Bandar yana jin Hausa sarai, amma in ya zo mayarwa sai ta kakkarye masa a baki, don haka Larabci ya fi yi.

Wata goma sha ɗaya mutumin namu yana zille-zille. Duk ranar da za a fita daji sai cikinsa ya murɗa, ko haƙori ya tashi, ko kakarsa ta sake rasuwa. Ya zauna a ofis yana shan sanyi yana wanke hotunan wasu. Ana nan sai iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta rage kwana goma. Iƙama kuwa kowa ya sani, in kafili bai sabunta maka ba, sai jirgi. Shi kuma gogan ba shi da fuskar komawa gida. Ya sayar da bencin, ya sayar da ƙyallen, ranar da zai taho har gwalo ya yi wa abokin sana'arsa, ya ce ba za su sake ganinsa ba sai a talabijin.

Ranar Lahadi Bandar ya kira shi ofis. Direban kamfanin yana zaune a gefe, wani dattijo mai furfura ana ce masa Bilal, haifaffen Hindawiyya, Hausa da Larabci duk nasa ne.

Bilal ya ce, "Malam, in ana so in fassara, ga ni."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. "Fassara? Ni da na sauke Alƙur'ani ina ɗan shekara goma sha biyu? Kai dai riƙe sitiyarinka, baba."

Bilal ya ce, "Ɗayyib." Ya ci gaba da shan shayinsa.

Larabcin gogan kuwa na tsince-tsince ne. Yana jin "tsaya", yana jin "ci", yana jin "tsalle", sauran kuma ya cike da "halas", wato "shi ke nan", da gyaɗa kai.

Bandar ya ɗaga yatsu uku ya ce da Larabci, "Gobe za ka bi baƙi, kwana uku. Hoto uku nake so, na kalandar kamfani. Ka kawo su, in sabunta maka iƙama. Ba ka kawo ba, ka haɗa kayanka."

"Halas, ɗal umurak," in ji gogan, wato ranka ya daɗe.

"Na farko Abu Mil'aƙa. A fadama. Ina son shi a tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya, da kifi a baki."

"Halas."

"Na biyu Abu Salama, a teku. Ba na son shi a ruwa. A sama nake son shi, yana tsakiyar tsalle."

"Halas, halas."

"Na uku ita ce babbar. Maha." Bandar ya rage murya. "Maha ba ta son mutane. Fara ce sol, ƙafafunta baƙaƙe." Ya ɗora yatsu biyu a kansa suna kallon sama. "Kada ka shafa turare. Ka bi ta inda iska ba za ta kai mata warinka ba, ka ja ciki. Ka same ta tana ci, ko tana kwance a gindin bishiya. Amma ka ji wannan da kyau: in ka ga ta sunkuyar da kai, ka gudu."

"Halas! Ai ni irin su na saba ɗauka."

To, Abu Mil'aƙa dai tsuntsu ne, fari, mai baki kamar cokali. Abu Salama kuma sunan da masunta a nan suke kiran dabbar tekun nan mai kama da kifi, mai bin jiragen ruwa tana tsalle-tsalle. Maha ita ce farar dabbar sahara mai dogayen ƙahoni, 'yar'uwar su gwanki. Yaron goye ma a Jidda ya san haka. Shi kuwa wannan bawan Allah ya fito daga ofis yana murmushi, yana cewa a ransa ashe duk barazanar nan ta hoton mutum uku ce. Mutane kuwa ai sana'arsa ce. Abin da ya ɗan ɗaure masa kai kawai shi ne ƙafa ɗaya da kifi a baki, amma ya ce masu kuɗi ba ka raba su da iyayi.

Washegari suka kama hanyar kudu, mota biyu. Baƙi shida ne, har da wata tsohuwar Baturiya da ta ce shekara huɗu tana neman tsuntsun nan ba ta dace ba. Da hantsi suka isa wata fadama ta ruwan gishiri, taɓo ko'ina, ga itatuwa sun tsiro cikin ruwa. Baƙin suka kafa kyamarori suka yi tsit. Mutumin namu ya hau waige-waige yana neman nasa.

Mil'aƙa dai ya san ta, don kullum yana roƙonta a gidan abinci: cokali ce. Abu kuma uba. Uban cokali ke nan. Yana juyawa sai ga mai girkin tafiyar, wani dogon Basudane, yana juya tukunya da wani cokali mai tsawon kamu guda.

Ya ce, "Allahu akbar. Ga shi har da shaidarsa a hannu."

Ya je ya kama hannun mutumin. "Taso. Ruwa za ka shiga."

"Ruwa? Ya zol, ina dafa shinkafa."

"Mudir ne ya ce."

Mudir dai shi ne Bandar, mai kamfanin. Mai girki kuwa, shi ma tasa iƙamar wata biyu ya rage mata. Ya naɗe jallabiyarsa ya shiga taɓo har gwiwa.

"Ɗaga ƙafa ɗaya."

"Don me?"

"Mudir ne ya ce."

Ya ɗaga. Gogan ya buɗe akwatin ƙanƙara ya zaro ɗanyen kifi ya miƙa masa. "Ciza."

"La haula! Wannan ma Mudir ne?"

"Shi ne ma ya fi jaddadawa."

Bawan Allah ya ciji kifi, hawaye na zubo masa. Ana cikin haka sai ga tsuntsayen nan farare sun sauko, sun fi ashirin, suka sauka daidai bayansa. Baturiya ta dafe ƙirji. Kowa ya ɗauke numfashi. Ɗaya daga cikin tsuntsayen ya ɗaga ƙafa, ya tsoma baki ya fito da kifi.

Mutumin ya ciro hularsa ya hau kaɗawa. "Shuu! Shuu! Kai, waɗannan balbelu da naci suke. Ku fice min daga hoto!"

Firr, suka tashi gaba ɗaya. Baturiya ta zauna daɓas a cikin taɓo ta fashe da kuka. Shi ko a jikinsa. Ya daidaita kyamara ya ce wa mai girki, "Ɗan ɗaga haɓa. Kada ka ƙyafta. Yauwa!"

Bilal ya matso a hankali. "Ɗan'uwa, wallah ina ganin akwai galaɗ, akwai kuskure. Abu Mil'aƙa ɗin nan fa..."

"Baba, ina shiga maka tuƙi?"

"La."

"To."

Bilal ya koma mota ya rufe ƙofa. Aka ga kafaɗunsa suna rawa.

Rana ta biyu suka shiga jirgin ruwa. Mai jirgin wani tsoho ne mai tumbi, rawani a ka, zane a ƙugu, fuskar nan a murtuke. Suka yi nisa har gari ya ɓace. Mutumin namu ya rungume ƙarfen jirgi, shinkafar jiya tana kai kawo a maƙogwaronsa, amma idonsa na kan aiki. Wane ne Abu Salama a cikin mutanen nan?

Can sai yaran jirgi da baƙi suka miƙe gaba ɗaya suna nuna bayan jirgi. "Abu Salama! Abu Salama!"

Ya juya. A inda ake nunawa tsohon ne zaune a bakin inji yana sakace. A bayansa kuma wasu manya-manyan kifaye suna fitowa daga ruwa suna wulƙitawa a sama suna komawa. Gogan bai ko ba su ido biyu ba. Ya rarrafa ya je gaban tsoho, ya yi ihu saboda ƙarar inji.

"Abu Salama?"

Tsoho kunnensa ya yi nauyi, "salama" kawai ya ji. Ya zaci gaisuwa ce, ya ce, "Allah yisallimak."

"Alhamdu lillahi, ya amsa sunansa. Baba, tsalle za ka yi."

"Esh?"

"Tsalle! Sama!" Ya gwada masa da hannu. "Mudir ne ya ce."

Shi wannan ba Basudane ba ne, ɗan ƙasa ne, ba ya da iƙamar da zai ji tsoro. Ya dubi mutumin ya ce, "Majnun." Ya juya masa ƙeya.

Gogan ya koma gefe yana huci. Kwana takwas ya rage masa a ƙasar, wani tsoho kuma zai tsaya yana masa jan aji? Ya gyara kyamara a hannun dama ya jira. Da tsohon ya miƙe ya sunkuya zai jawo igiya, sai ya matsa ya ce bismillahi, ya sa ƙafa ya ingiza shi.

Gaskiya a faɗe ta, hoton ya fita. Tsoho a sama, hannuwa a buɗe, rawani ya yi gabas, takalmi ya yi yamma, zane yana neman ya ba da kunya. Sai kuma tinjim.

Aka kashe inji, aka yi ta salati, aka jawo tsoho yana tari yana ambaton iyayen gogan ɗaya bayan ɗaya har ya kai kakanni. Da ƙyar Bilal ya shiga tsakani, ya ce santsi ne ya ɗebi mutumin. Shi kuwa yana can ƙuryar jirgi yana duba hotonsa yana tsaki.

"Dubi nan don Allah. Wani ƙaton kifi ya yi tsalle daidai bayansa, ya cinye min rabin hoto. Sai na yanke shi."

Bilal ya leƙa. Ya ga dabbar nan a sama cak, ruwa na zuba daga jikinta, rana ta haske ta. Shekara talatin yana kai masu hoto teku bai taɓa ganin wanda ya samu irinsa ba. Ya buɗe baki, ya tuna an ce ya riƙe sitiyarinsa, ya rufe.

Rana ta uku suka hau dutse suka gangara can bayan Ɗa'ifa, inda ake kiwon namun sahara a wani makeken fili. Kafin su bar Jidda sai da suka biya suka ɗauki wata dattijuwa, gwaggon Bandar. Ciwon gwiwa take fama da shi, an ce mata yashi mai zafi yana magani, ta ce tunda motar ɗan ƙaninta za ta sahara ba za a tafi a bar ta ba. Tsohuwar 'yar Karantina ce tun kafin a rushe unguwar, ƙatuwar mace mai sanda, bakinta ya fi sandar ciwo.

Bilal ya ce, "Malam, gai da Gwaggo Maha."

Mutumin ya waigo da sauri. Ya dube ta. Farin mayafi sol. Baƙar safa a ƙafa. Ɗaurin ɗankwali mai kunne biyu a tsaye.

Ya rusuna. "Ina kwana, Gwaggo?"

"Kai kuma min, wane ne kai? Matsa can, ka tare min hawa. Yalla ya Bilal, ja mota, zafi."

Ya koma kujerar baya yana gyaɗa kai. Lallai Mudir bai yi ƙarya ba, ba ta son mutane.

Da suka isa, baƙi suka bi ma'aikacin wurin suka laɓe bayan wani tudu. Gwaggo Maha ta sa aka shimfiɗa mata darduma a gindin wata bishiyar ƙaya, ta miƙe ƙafafu ta tura gwiwoyi cikin yashi, ta buɗe kwanon dabino da butar gahawa.

Gogan ya shiga aiki. Ya tuna an ce ban da turare, shi kuma ya shafa da safe, sai ya ɗebi kashin raƙumi ya goge wuyansa da hammatarsa. Ya tsotsi yatsa ya ɗaga ya ji inda iska take. Ya kwanta rub da ciki a kan yashin da zai iya gasa gurasa, ya fara ja.

Ƙyas, Gwaggo tana jefa dabino a baki. Ƙyas, tana tofar da ƙwallo. Ƙyas, tana hamma. Ƙyas, tana sosa baya da sanda. Ya ƙara matsawa. Ƙaya ta shiga cikinsa, tururuwa ta shiga wandonsa, bai motsa ba. Ya ce a ransa wahalar yini ɗaya ce, iƙama kuwa ta shekara.

Sai ga garke ya ɓullo daga bayan tudu. Fararen dabbobi ne, ƙafafu baƙaƙe, ƙahoni dogaye a miƙe, har da 'yan ƙanana suna bin iyaye. Suka taho a natse suka ratsa daidai tsakaninsa da bishiyar, suka tsaya. Babbar cikinsu ta juyo ta zuba masa ido. Taku goma bai kai ba tsakaninsu. Baƙin da ke kan tudu suka hau ɗauka, Baturiya tana ta gode wa Allah da yarensu.

Mutumin ya ɗago kai. "Kai! Wane mara mutuncin ne ya sako awaki nan? Ana aiki!" Ya damƙi tsakuwa ya watsa musu. "Kir! Ku ba ni wuri!"

Ƙura kawai aka gani. Daga kan tudu aka ji wani ihu, Baturiya ce, wannan karon ba kuka take ba, zagi take.

Ihun ne ya sa Gwaggo ta waigo. Ta ga ƙato kwance a yashi, taku kaɗan daga ƙafafunta, yana warin raƙumi, ya auna ta da kyamara.

"A'uzu billahi! Kai ɗan nan, esh kake yi a nan?"

Ya yi luf. An ce kada ta ji motsinsa.

"Da kai nake! Hotona kake ɗauka? Ni? Ina ci?"

Ya yi raɗa, "Ci gaba da ci, Gwaggo, kamar ba na nan."

Gwaggo Maha ta sunkuyar da kai tana laluben takalminta.

Nan take maganar Mudir ta faɗo masa. Ya zabura ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Takalmi na farko ya same shi a ƙeya, na biyu a gadon baya, sanda ta biyo ta harɗe masa ƙafa ya tafi da baki cikin yashi. Ya tashi ya ƙara mai. Bai tsaya ba sai bayan mota, yana haki yana dariya.

"Baba Bilal, Mudir ya san gwaggonsa! Wallahi da na ƙara minti ɗaya da ta illata ni."

Bilal ya ce, "Mabruk."

A hanyar dawowa ba wanda ya yi masa magana. Shi kuwa ya sunkuya kan kyamara tun daga Ɗa'ifa har Jidda yana ta danne-danne, yana 'yar waƙarsa.

Ranar Alhamis da safe ya sa sabuwar riga ya nufi Balad. Yana shiga ofis ya tarar da taro. Ga mai girki, ga tsohon mai jirgi da kumburarren ido, ga Gwaggo Maha ta cika kujera da sandarta a cinya, ga Bilal a bakin ƙofa da kofin shayi. Bandar yana tsaye, jijiyar goshinsa ta fito.

Gogan ya yi murna. "Masha Allah, duk an zo ganin hoto! Ai da kun bari na wanke muku."

Bandar ya miƙo hannu. Ya karɓi kyamara ya jona da babban allon bango.

Mai girki ya bayyana, ƙafa ɗaya a sama, kifi a baki, hawaye a kumatu.

"Esh hada?"

"Abu Mil'aƙa, ɗal umurak. Ƙafa ɗaya, kifi a baki. Cokalin ma ga shi nan."

Aka danna. Tsoho a sararin sama.

"Abu Salama. Ya so ya yi gardama, amma na shawo kansa."

Sai da mutum biyu suka riƙe tsohon. Aka danna. Gwaggo Maha baki a hangame, dabino na hanyar shiga. Aka danna, tana hamma. Aka danna, tana sosa baya. Hoto ɗari huɗu da wani abu, duk nata.

Bandar ya zauna a hankali. Ya nemi Larabci ya rasa, ya koma Hausarsa karyayya. "Kai... kai mene ne kai? Ya Bilal, fahhimu. Gaya masa."

Bilal ya ajiye kofi, ya gyara murya. Bai yi sauri ba, kwana huɗu yana jiran wannan lokacin. "Malam, da izininka, tunda yau an ce in saki sitiyari. Abu Mil'aƙa su ne balbelun da ka kora. Abu Salama shi ne kifin da ya cinye maka rabin hoto. Maha kuwa su ne awakin da ka jefa da tsakuwa."

Mutumin ya dubi allo, ya dubi Gwaggo, ya dubi sandarta. Maimakon ya yi shiru sai ya ce, "To laifina ne? Wace irin ƙasa ce wannan, dabba da sunan mutane, har da alkunya?"

Bandar ya danne zuciyarsa. "Halas. Hoto dubu biyu ka ɗauka. Tsuntsayen sun zo, kifin ya zo, maha sun zo gabanka. Dole sun shiga wani hoton ko da kuskure. Ina suke?"

Gogan ya ɗan samu ƙarfi, don an zo inda ya ƙware. "A'a, ranka ya daɗe, kada ka damu da wannan. Sun yi ta shigowa kam. Amma duk na goge su a mota. Wanda bai gogu ba na yanke. Ni aikina tsaf nake miƙa shi."

Bandar ya kifa kai a kan tebur. Da ya ɗago, kalma biyu ya faɗa. "Khuruj niha'i."

Wannan kam ba ya buƙatar tafinta. Fita ce ba dawowa. Mutumin ya zube a ƙasa ya kama ƙafar teburin.

"Ranka ya daɗe, ka rufa min asiri! Wallahi in na koma garinmu yara ne za su bi ni da waƙa. Ko benci ba ni da shi! Ka mai da ni mai shara, ka mai da ni mai wankin mota. Gwaggo, ki sa baki! Baba Bilal, ka fassara masa, don Allah ka fassara!"

Bilal ya ce, "Ai yana jin Hausa."

Kuka yake haiƙan, majina har gemu. Abin ya ba da haushi ya kuma ba da tausayi, har mai girki ya kau da kai. Bandar ya buga tebur ya miƙe.

"Isma'! Wallahil azim, wallahil azim, wallahil azim, a gaban mutanen nan: in aka samu dabba ɗaya, ɗaya tak, a cikin kyamarar nan, yau zan sabunta maka iƙama. In babu, jirgin Asabar."

Aka koma farko aka fara dannawa. Mai girki, mai girki, mai girki. Taɓo babu ko sauro. Tsoho a zaune, tsoho a sama, teku an yanke ta ta ko'ina. Gwaggo, Gwaggo, Gwaggo. Mutumin ya ƙura wa allo ido yana addu'a ko ƙuda ne Allah ya sa ya manta da shi a kan dabino. Ina! Ya share komai ƙal. Bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba tun da ya fara sana'a.

Saura hoto uku. Saura biyu. Bilal ya danna na ƙarshe.

Ashe lokacin da sanda ta kayar da shi kyamara ta juyo ta ɗauka da kanta. Fuskarsa ce ta cika allon: ido a waje, baki cike da yashi, harshe a gefe, kashin raƙumi a wuya, sandar Gwaggo na wulƙitawa a sama ta bayansa.

Bandar ya miƙa hannu zai kashe allo. "Halas. Ma fi, babu."

Gwaggo Maha ta buga sanda a ƙasa. "Tsaya, ya waladi. Ka yi rantsuwa sau uku. Ɗauko takardarsa ka sabunta masa."

"Ya Ammati, wannan ai shi ne!"

"Dabba ka ce. Ka faɗi mai ƙafa nawa?"